Zanen Aurena a Bayan Furen Kabewa

Na ga abubuwa da yawa a Fagge, amma safiyar da na tsaya riƙe da zanen aurena saboda ƙudan zuma ba za ta fita daga raina ba.

Jikata ce ta dage sai ta koyi ɗaukar hoto. Ba na biki ba, a'a, na ƙwari a kan fure, wai har a ga gashin ƙafarsu. Ubanta ya sayo mata kyamara ta hannu, da sharaɗi. Akwai wata mata 'yar Ibo mai shagon hoto a Sabon Gari. In matar ta karɓe ta koyon aiki, to, in ta ƙi, kyamara ta koma kasuwa.

Ni na raka ta da kaina. Matar kuwa Hausa a bakinta kamar a layinmu aka haife ta. Ta ƙura wa hoton farko da yarinyar ta miƙa mata ido, ta ce, "Ina ƙudan?"

"Ga shi nan, Madam."

"Ni bokiti na gani, da buta, da igiyar shanya. Hannunki ya yi rawa, rana kuma ta wanke furen."

Raina ya ɓaci, don bokitina ne, tsakar gidana ce. Na ce, "Madam, gidan nan safe da yamma ake share shi."

Ta yi dariya. "Mama, ba gidanki na kushe ba. Ido ne ba ya son a raba masa hankali. Ta kawo mini guda ɗaya mai kyau, in gani."

A gida yarinya ta haɗa kai da gwiwa. Na sa tabarau na ce a ba ni hoton, da niyyar in ƙaryata matar. Wallahi sai da na yi ta laluben ƙudan. Da na same shi ma, baya ya juya mana. Na ce, "Ke, wa ya taɓa gaisawa da mutum ta ƙeya? Ina idonsa?"

Ta ce, "Tsohuwa, ke ma kin bi bayanta ke nan?"

"Tashi dai, mai kukan banza."

Furen da ke hoton na kabewar tsakar gidana ne, ni na shuka ta, na san furenta da asuba yake buɗewa, rana na zafi ya tsuke. Washegari ko turaren wuta ban sa ba, kada hayaƙi ya kore su. Na buɗe adaka na ciro baƙin zanen da aka kai ni ɗakin miji da shi, rinin karofi na gaske, wanda ko 'ya'yana ban bari sun taɓa ba. Na ware shi a bayan furen, bokiti da buta suka ɓace. Ita kuma ta kifa turmi ta kafa gwiwar hannu a kai, ta durƙusa daidai bakin furen.

Muka yi ta jira. Kafaɗuna suka fara zogi. Wani ƙudan ya sauka a bayan hannuna yana tattaki.

"Inna, don Allah kar ki motsa," ta faɗa a hankali.

Ni da na haifi ubanta ban yi raki ba! Ya gama yawonsa ya faɗa cikin furen, ya fito kansa duk garin rawaya, ya fuskanto ta. Na ji ƙyas.

Da muka koma shagon, Madam ta daɗe tana kallon wannan hoton. Can ta ce, "Ido ya fito. Amma kin yanke masa bakin fiffike. Zo ranar Litinin mu fara daga nan." Sai ta juyo gare ni. "Mama, wannan baƙin fa?"

Na gyara mayafi na ce, "Zanen aurena ne."

Ko a ranar ba ta ce hoton ya cika ba, kuma ban ji haushi ba. Tun daga nan na gane wanda ya tsaya ya duba aikinka har ya nuna maka inda ya gaza, ya fi mai cewa ya yi kyau bai ko kalla ba. Hoton yana bangon ɗakina. Duk baƙon da ya yaba ƙudan, sai na nuna masa zanen.