Wa Ke Ciyar Min da Mage a Ɓoye?

Jiya na kama magena a ƙofar ɗakin maƙwabciyata Inna Asabe, bakinta duk miya.

Likitan dabbobi a Tarauni ya ce in ban rage mata abinci ba, ƙiba za ta kashe ta. Na rage. Kullum tana bina da kuka, amma ciki sai ƙara jan ƙasa yake. Ita kaɗai na taho da ita daga Kafanchan da aiki ya jefo ni Gyaɗi-Gyaɗi, don haka na fara zargin so ake a janye min ita.

Na yi sallama raina a ɓace.

"Inna, ashe ke ce ke ba ta?"

"Ni ce. Da Maman Talatu, da ɗan adaidaitan can."

"Likita fa ya hana!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malam Bitrus, dabba ta zo ƙofarka tana kuka ka kore ta? Mu da muka ji kukan nan, cewa muka yi ɗakinka babu. Ka zaci tuwon da nake aiko maka don kyanka ne?"

Na koma ɗaki. Wandona ma ya daɗe da matse ni.

A gaskiya ba su yi laifi ba, munafukar tana ɗakina.

Jama'a, ya zan yi su daina ba ta, ba tare da an tsayar da kwanona ba?