Malam Lawali da firigon Hajiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Tibiri, wai Malam Lawali ya rasu.

Malamin lakol ne, wato makarantar boko, ba makaniken kwamfuta ba. Amma ban taɓa ganin mai son bin diddigin abu irinsa ba.

Lokacin da soja ke shirin miƙa mulki, aikin fostar 'yan takara ya yi mini yawa a shagona na Gidan Rumji. A daidai lokacin kwamfutata ta fara iskanci. Ina cikin aiki sai hoto ya daskare, allo ya yi baƙi, ta mutu. Kwana uku aka ba ni, in ban gama ba a kai aikin Maraɗi.

Na goge komai na sake zubawa. Na cire kat girafik, katin da ke fitar da hoto a allo, na sayo sabo. Duk a banza.

Malam ya zo buga takardun jarrabawa, ya tarar ina zagin na'ura. Bai ko taɓa ta ba. Ya ja kujera ya ce, "Habu, kunna ta mu gani. Kuma ka yi shiru."

Ni da ke cikin wuta, wai in yi shiru! Raina ya ɓaci, amma na yi.

Ta daskare sau biyu yana zaune. A na ukun ya ɗaga yatsa, ya kasa kunne. "Mi ka ƙara bayan bangon ga?"

Ƙarar firigon Hajiya Tsahara ce, wato firjin maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara. Waya ɗaya muka ja daga mita ɗaya, kamar yadda kowa ke yi a layinmu. Duk sanda injinsa ya tashi sai kuran, wato wutar lantarki, ya ja baya, katin kuwa ba ya jure haka.

Da kansa ya je ya roƙe ta, ta kashe firigon na 'yan awoyi, har da aiko mana lemo. Na gama aikin a kan lokaci, daga baya na ja wayata daban.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha ce, watan jiya, yana bisa babur. Ya rame, amma ko zancen ciwo bai yi ba. Sai cewa ya yi, "Tsohon katin ga da ka ɗora ma laifi, yana nan? Kawo shi mu gwada, ina son in san ko lahiyatai lau."

Na ce masa Juma'a. Juma'a huɗu suka wuce ban je ba, kuma wallahi ba wani uzuri gare ni ba. Wannan ne ke cina yau.

Allah Ya gafarta maka, Malam. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko bai san shi ba.