Rigar Sallata a Jikin Mugun Dillali

Ina sanar da al'ummar Wurno, Rabah da Goronyo cewa an keta alfarmar akwatin tufafina.

Jiya ƙanena Nasiru ya nuna mini wasan waya da yake haɗawa, na manomi mai ceton albasarsa daga mugun dillali. Manhajar AI ke zana musu tufafi: ya rubuta bayani, ta fito da kaya iri-iri.

Da muka zo kan dillalin, sai ga shi cikin babbar riga ruwan ƙwai, da aikin zare shuɗi har cibiya. Rigar Sallata ce sak, wadda daga ni sai matata sai tela muka taɓa gani.

Na ce, "Wa yab ba ka hoton rigata? Tela ko Hajiya?"

Ya ce, "Wallahi Yaya ban san ka ɗinka ba."

"To mi kar rubuta mata?"

"Cewa niy yi ta zano rigar mutum mai son a gane shi tun daga nesa."

Ban gamsu ba. Na titsiye tela, na yi wa Hajiya tambayoyi har tuwona ya zo ba man shanu. Yanzu yaran unguwa duk sun ga dillalin, ban san yadda zan ratsa filin idi ba.

Saboda zargin bayin Allah, na ci kaina tarar goro ɗaya, ni zan ci abina. Jama'a, in sa rigar ko in haƙura?