Tarwaɗa Huɗu a Ramin Nomau

Nomau taubashina ne, don haka in na faɗi halinsa ba wanda ya isa ya ce gulma nake yi. Mutumin Gidan Sori ne, manomin gero da wake, gajere, ga taurin kai na fitar hankali. Wata shekara ciwo ya shiga garkensa ya kwashe awaki goma sha tara cikin sati biyu. Tun daga nan, duk abin da ya haihu a hannunsa ba ya yarda a taɓa shi. Ko kaza ce ta ƙyanƙyashe, baƙo sai dai ya ci tuwo da miyar kuka.

Da mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka kawo kiwon kifi, shi ya fara ba da sunansa. Sai dai garkar da zai haƙa ramin ta gado ce, tasu ce shi da wansa Inusa, shi kuwa Inusa albasa yake so. Da ƙyar Inusa ya yarda, bisa sharaɗi: in shekara ta zagayo ba a fitar da kifin da ya kai tafin hannu ba, a cike ramin a shuka albasa.

Malamin furoje ya kawo 'ya'yan karfasa, ya ce bayan wata biyu a zuba tarwaɗa kaɗan. "Karfasa akwai haihuwa," in ji shi. "In ba a rage ƙananan ba, za su cika ramin, abinci ya kasa, ba wadda za ta girma. Tarwaɗa ce ke cinye su."

Nomau ya dube shi sama da ƙasa. "Wato in kawo mai ci mini dukiya, in kuma ciyar da ita?" A ƙofar masallaci ya shelanta cewa muddin yana numfashi tarwaɗa ba za ta shiga raminsa ba.

Wata biyar ana zuba dusa. Ramin ya cika maƙil da kifi, amma babbar cikinsu ba ta wuce yatsa biyu ba. Shi kuwa gogan sai murna, yana jawo masu wucewa su zo su ga albarka. Inusa ma yakan zo, ya leƙa, ya koma yana auna wurin da takun ƙafa.

Matarsa Saudatu ce ta same ni. Ta ce, "Yaya Garzali, in aka cike ramin nan, mutumin nan ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba." Wallahi ta ba ni tausayi. Ranar kasuwar Cadakori, da Nomau ya tafi sayen dusa, na kawo tarwaɗa huɗu a jarka daga wajen wani masunci, ita ta juye su da hannunta.

Ba a jima ba Nomau ya ga ƙananan suna raguwa. Ya ɗora laifin a kan zalɓe. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, ya wuni a bakin rami da majaujawa. Ni ma na taya shi jifa har kwana uku, Allah ya yafe mini.

Ranar da shekara ta cika, gari ya taru, aka ja taru. Karfasa suka fito ɓul-ɓul, wasu sun fi tafin hannun Inusa, wanda ba ƙaramin hannu ba ne. Can ƙasan tarun kuma sai ga su su huɗu, baƙaƙe, kowace ta yi kaurin dantse, suna kaɗa gashin baki. Ni dai na shiga gyaran hulata.

Inusa ya ɗaga karfasa ɗaya ya jinjina. Ya ce, "Rami ya zauna."

Da mutane suka watse, Nomau ya tsuguna gaban tarwaɗun ya daɗe yana kallonsu. Bai dube ni ba, matarsa ya duba.

"Ke ce?"

"Ni ce, Malam."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ya sa bakin riga ya share.

Ya ce, "Baɗi ki sa shida. Amma kada ki gaya mini ranar."