Kumbar Yaya Habu da baƙon da na sallama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma bana ne karo na farko da na gode wa Allah da ba ya nan balle ya gan ni.

Kafin ya dawo Riyad, ya daɗe a gaɓar Bahar Maliya yana auna ruwa a wani ɗakin bincike, inda ake nazarin ƙatuwar kumbar nan mai zama cikin duwatsun murjani. Ya ishe mu da labarinta. Wai tana tace ruwa ta samu ɗan abin taɓawa, amma wannan ba ya riƙe ta. Abincinta na gaske daga wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka yake fitowa, waɗanda ta ba masauki cikin namanta. Da rana sai ta buɗe baki su sha haske, su haɗa abinci, ta ci, ita kuma dattin jikinta ya zama takinsu. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ta rabu da su, ta yi fari fat, yunwa ta soma cin ta. Mukan tsokane shi da Sarkin Ruwa, a garin da ko kududdufi babu.

Gidansa na unguwar Manfuha ba ya rabo da baƙi. Na ƙarshensu Malam Isufu ne, mutumin Damagaram. Shi ya yi jinyar Habu, ya ci gaba da zama da mu bayan rasuwar, yana tuƙa mana tuwo ba wanda ya sa shi.

Watan jiya iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare, kafilinsa da ya tsaya masa wurin hukuma ya daina ɗaga waya. Tsoro ya kama ni kada a zo bincike a haɗa da ni, aikina ya tafi. Ranar Asabar na same shi a kicin, na yi ta kame-kame, na ce ya nemi wani wuri.

"Ba komai, Alhaji," in ji shi. "Bari dai in sauke tukunya."

Na san Habu ba zai yi mini faɗa ba. Zai tambaye ni ne a hankali ko ruwan ya yi zafin da zan kori mutum, alhali ko ƙofa ba a ƙwanƙwasa mini ba. Kunya nake ji, sosai.

Gidan da labarin kumba ni na gada. Halin Habu kuwa yana wurin Malam Isufu, wanda ya raba mana tuwon, ya wanke tukunya, ya kama hanyar unguwar Gubaira bai ci ko loma ba. Har yau na kasa kiran wayarsa.