Ranar Da Na Buga Ƙarfen Gobara

Ranar Talata ce. Daga sallar asuba na wuce murhu kai tsaye, domin muna da dahuwar mazarƙwaila. Yayana Ilu ya riga ni isa. Na same shi tsugune yana ɗaure injin matse rake da waya, yana ta mita a kan tsadar fetur. Muka gaisa. Ya ce, "Sale, hura wutar, bari in je in ba Inna koko." Mahaifiyarmu tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta karɓar ludayi a hannun kowa sai nasa. Ƙarfe bakwai saura ya tafi gida.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, a bayan Gazara, ƙasar Makarfi. Gidajen ba su kai arba'in ba. A tudu muke kwana, a fadama muke ci. Rake muka tarar ana nomawa, shi muke nomawa.

Shekara biyu kafin ranar muka fara jin maganar a rediyo. Wai gwamnati ta fito da sabon tsari, za a daina sayo sukari daga waje, za a kawo masu zuba jari. Mu sakarkaru har murna muka yi, muna cewa rake zai yi daraja. Sai ga masu awon ƙasa sun zo da na'urorinsu. Muka shimfiɗa musu tabarma, muka saro musu rake suka sha har suka tafi da guzuri. Bayan wata uku aka manna takarda da Turanci a bangon firamare. Malamin makarantar ya karanta mana. An ba wani kamfani fadamar gaba ɗaya, har da tudun da muke kai. Wai ƙasa ta gwamnati ce, mu zaman aro muke. Aro! Kakan kakana yana kwance a maƙabartar garin, amma wai aro.

Mun je sakatariya, aka ce mu tafi Kaduna. A Kaduna aka ce oga yana taro. Wanda muka zaɓa, mutumin da ya durƙusa gaban Inna yana neman addu'a lokacin ƙuri'a, ya daina ɗaukar waya. An janye tallafin taki ba a tambaye mu ba. Hanyarmu ta yi shekaru tana cin motoci ba wanda ya leƙo. Ba a san da mu ba sai da aka ga ƙasarmu tana da ruwa. Muka ɗauki lauya a Zariya. Ya ce magana tana kotu, ba mai taɓa mu, mu ci gaba da saranmu. Muka ci gaba.

Akwai wata al'ada tamu da sai na faɗa, in ba haka ba wanda ba ya wurin ba zai gane ba. In wuta ta kama rake da rani, ba a tambayar gonar wa ce. Akwai tsohon ƙarfen tayar mota a rataye jikin darbejiyar masallaci. Duk wanda ya fara ganin hayaƙi, shi zai buga. Duk namijin da ya ji, ko tuwo ne a bakinsa, zai ɗauki adda da ɗanyen reshe ya ruga fadama. Masu adda su sha gaban wutar, su sare layi don ta rasa abin ci. Masu reshe su bi ta da duka. Wanda ya ji ƙarfe bai fito ba, har jikokinsa sai an goranta musu.

Ƙarfe bakwai da minti arba'in, ruwan rake ya fara tafasa a kasko. Na ɗaga kai don in share gumi. Sai na ga hayaƙi ta gabas.

Wutar tsautsayi daga wuri ɗaya take tashi. Wannan wuri huɗu ta tashi, a jere, kamar an ja igiya. Na gani da idona. Ban tsaya na yi tunani ba. Na jefar da muciya, na ruga masallaci, na ɗauki guduma na shiga bugu.

"Gobara! Jama'a, gobara a fadama!"

Na buga har hannuna ya yi tsami. Maza suka fara fitowa daga kowane zaure, wasu ba riga, wasu ba takalmi. Yaya ya fito da adda, koko bai ma bushe a yatsunsa ba. Shi ne kullum yake jan masu sara. Ya wuce ni a guje bai dube ni ba.

"Ta gabas! A sha gabanta ta gabas!"

Na karyo reshe na bi bayansu. Mun kai mu hamsin. Garin ya zama daga mata sai yara sai tsofaffi.

Rake in yana cin wuta, gaɓoɓinsa fashewa suke yi. Tas. Tas. Tatas. Mun saba da wannan ƙara tun muna yara. Shi ya sa harbin farko bai tsayar da kowa ba. Na biyu ma haka. Muka ci gaba da gudu muna shiga ciki.

Iska ta ɗan kawar da hayaƙin. Sai na hango motoci uku a bakin fadama. Wasu mutane da jarkoki suna komawa da baya. A gabansu masu kaki ne a jere, bindigogi a kafaɗa. Warin fetur ya bugi hancina.

"Ku tsaya! Ku ajiye makamai!"

Wane makami? Addar sara da ganyen darbejiya? Na gaba ba su ma ji ba, rurin wutar ya fi ƙarfin muryar. Maƙwabcina Ɗanjuma yana gefena. Ya ce "wash" sau ɗaya, ya zauna a ƙasa kamar wanda ƙaya ta soka. Na ga jini yana fita ta wuyan rigarsa.

Yaya yana gabana da taku kamar talatin. Ya riga ya fara sara. Na ga ya ɗaga adda. Na ga ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Hayaƙi ya rufe tsakaninmu. Na kira shi sau biyu, ban ji ko muryata ba.

"Ku koma! Harbi ake! Ku koma!"

Na gudu. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Na jefar da reshen na gudu, na bar ɗan'uwana a durƙushe.

Ƙarfe takwas da kwata na iso bakin gari. A nan na ji wata ƙara daban, mai nauyi, ƙasa tana rawa. Katafila biyu ne suka shigo ta yamma, ta hanyar mota, daidai lokacin da duk mazan garin suke gabas. Wata mota mai lasifika tana biye da su.

"Minti talatin! Kowa ya fita! Minti talatin!"

A lokacin na gane. Sun san al'adarmu. Wani ya zauna a ofis mai sanyi, an ba shi labarin yadda muke taimakon juna, ya ce to da wannan za a kwashe su daga gari. Kuma ni na buga musu ƙarfen. Tir da wannan wayo. Allah wadaran wanda ya kawo shawarar da wanda ya sa hannu.

Na shiga gida. Matata Hajara ta goya ƙaramin, tana jan biyu. Matar Yaya tana tsaye tsakar gida da tukunya a hannu, ta rasa inda za ta sa ta. Ta dube ni. Na kawar da kai. Na jawo baron da muke ɗaukar rake, na jefa katifa a ciki, na ɗauko Inna. Ba ta da nauyi. Kwanon kokon yana gefen gadonta, an sha rabi.

Ta ce, "Ina yayanka?"

Na ce, "Yana tafe, Inna."

Ba mu ɗauki hatsi ba. Awaki na kwance musu igiya kawai. Ƙarfe tara saura kwata muka fita ta kudu, ta rafi, don hanyar mota tana hannunsu. Ruwan ya kai gwiwa. Ni da wasu maza biyu muka ɗaga baron sama muka haye. A bayanmu kwanon rufi yana kuka, wani irin ƙiii mai shiga haƙori, sannan dim, katanga ta faɗi. Sai wani ƙiii. Yara suka daina kuka, suka koma waiwaye. Ƙarfe tara da rabi lasifikar ta yi shiru. Katafilolin ba su yi ba.

Muka bi ta gonakin dawa da aka girbe. Kututturen kara ya yayyanka ƙafafun yara. Tayar baron ta sace, na ci gaba da turawa a haka. Duk wanda ya cim mana daga baya sai in tare shi da ido. Kowa ya girgiza kai. Wani ya ce ya ga an ɗauki mutane an jefa a mota. Wani ya ce bai ga komai ba sai hayaƙi. Na riƙe maganar na farkon, na ce a raina ai wanda aka kama yana da rai.

Sha ɗaya ta wuce muka fito titi. Azahar ta same mu a Makarfi, a gindin wata bishiya kusa da tasha. Mata masu abinci suka kawo mana ruwa da ƙosai, ba su tambayi komai ba. A nan gari ya rabu. Wasu suka nufi Kudan wurin dangi. Mu muka samu motar rake mai zuwa Ikara. Direban ya ga Inna a baro, ya sauko da kansa ya sa ta a gaba. Kafin magariba muna Paki, gidan Kawu Musa, ƙanen Inna.

Da yamman nan aka kunna rediyo a zaure. Wai wasu ɓata-gari ɗauke da adduna sun cinna wa gonar kamfani wuta, sun far wa ma'aikata, amma an shawo kan lamarin. Wai gwamnati tana tabbatar wa masu zuba jari cewa dukiyarsu tana cikin aminci. Gonar kamfani! Raken da na dasa da hannuna, na yi masa ban-ruwa wata da watanni da fetur mai tsadar tsiya. Ba a ambaci ko mutum ɗaya da ya faɗi ba. Dokin mai baki ya fi gudu. Na tashi na fita waje na tofar da yawu.

Laraba da safe na koma. Har an kafa turaku an ja waya. An yi ƙofa, an sa mai gadi.

"Ba shiga! Koma baya!"

Daga nan nake hango inda gidanmu yake. Fili ne, sai darbejiyar masallaci kaɗai a tsaye.

Na bi asibitoci, na Makarfi da na Zariya. Na duba masu rauni gado-gado. Na roƙa aka buɗe mini ɗakin gawa. Ba ya nan. Na bi ofisoshi. Wannan ya ce in kawo takarda daga wancan, wancan ya ce ba shi da labarin an kama kowa. A ofis na huɗu wani mai tumbi ya ajiye jarida, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai ɗan garin ne? Madalla. Dama ana neman wanda ya buga ƙarfe ya tara mutane. Ka san shi?" Na ce ban sani ba. Na fito. Sau biyu ke nan ina gudu in bar Yaya. Lauyanmu kuwa cewa ya yi lallai an raina kotu, zai rubuta wasiƙa.

Kullum na dawo Paki, Inna tana kwance fuskarta na kallon ƙofa. Ta ƙi koko. Hajara ta yi lallashi, Kawu ya yi, sai dai ta kurɓi ruwa. Ni kuma kullum maganata ɗaya, ana nan ana nema.

Rana ta shida wani mutumin garin Furana ya zo neman Kawu. Lebura ne, kamfanin ya ɗauke su aikin kafa turaku. Bai yarda ya shiga zaure ba, a bayan gida muka tsaya. Ya ce ranar Talatar, bayan la'asar, an sa katafila ta haƙa rami a gefen fadama. Mutum uku aka zuba, da kayan jikinsu. Aka mayar da ƙasa, aka bi ta kai aka daddale. Ya ce ɗaya dogo ne, mai shuɗiyar riga, hannunsa na dama ba yatsu biyu. Injin matse rake ne ya cinye wa Yaya su tun muna samari. Na tambaye shi ko zai gane wurin. Ya ce an riga an yi kunya-kunya a kai, ko shi ba zai iya nunawa ba.

Malaman Paki suka yi ta muhawara, ko ana yi wa mamaci salla babu gawa. Daga ƙarshe wani dattijo a cikinsu ya ce a yi. Muka yi sahu uku a ƙofar gidan Kawu. Liman ya tsaya, gabansa ba komai sai ƙasa.

Mutum uku. Ɗanjuma ya bar 'ya'ya huɗu. Na biyun wani saurayi ne da aka sa ranar aurensa bayan sallah. Yaya ya bar shida, da mace mai ciki. Ba wanda aka yi wa wanka. Ba wanda ya samu likkafani. Ba mu san inda fuskokinsu suke kallo ba.

Bayan an shafa fatiha na shiga wurin Inna. Na durƙusa a bakin gado na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Yaya ɗan farinta ne, ita kuma irin matan zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari. Shekarata arba'in da bakwai ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yayanka" ko "wancan". Ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta buɗe baki a hankali, da rabin leɓen da yake motsi.

Ta ce, "Iliyasu."