Yadda Aka Shafe Muryar Yayana a Faisal

Edita, a lokacin da wannan abu ya same ni ina ɗalibi a Alƙahira, shekarata ta biyu a fannin Shari'a, ɗan tallafin karatu daga jiharmu, mai ɗangalallen wando da ɗan gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Muna haya a wani bene a unguwar Faisal, mu 'yan Arewa zalla, kowa da katifarsa da kwalin littattafansa. Ni mutum ne mai gudun magana a lokacin. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne 'yan uwana ɗalibai su ce imanina da rauni, kuma wannan tsoron shi ya buɗe ƙofar abin da zan ba da labari. Na rubuto ne saboda har yau idan na tuna, abinci fita yake daga raina.

Sai na fara da yayana, Allah ya jiƙansa. Wajen shekarar dubu biyu yana aiki a wani gidan rediyo a garinmu, yana da shiri ranar Asabar da yamma na sababbin waƙoƙin Turawa. Ba tsofaffi ba, waɗanda suka fito a watan. Akwai na masu jita da ganga da ake kira rok, akwai fof na rawa da 'yan mata ke so, akwai kuma na ƙananan ƙungiyoyin da ba su da babban kamfani a bayansu, su buga faifansu da kansu, su ne ya fi ƙauna. Wani abokinsa ɗan kasuwa ke kawo masa faya-fayan daga Legas, wani lokaci ma kafin sauran gidajen rediyo su ji labarinsu. Abin da ya sa mutane suka riƙe shirin shi ne bakinsa. Da Hausa yake bayani. Zai sa waƙa ya tsayar da ita a tsakiya ya ce wannan mai jitar yunwa yake ji, ko ya ce wannan faifan ba kiɗa ba ne, faɗan maƙera ne, kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Har tela da mai shayi da ba su jin ko kalma ɗaya ta Turanci suna kunnawa don su ji abin da zai ce. Kowane shiri yakan ɗauka a kaset ya kawo gida, ya rubuta sunayen mawaƙan a bango, sannan ya ɓalle ɗan haƙorin roba da ke saman kaset ɗin don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Ni ke miƙa masa tsinken da yake ɓallewa da shi.

Hatsarin mota ne ya ɗauke shi, matarsa na da ciki. Ta haifi mace. Gidan rediyon kuwa sun sake amfani da nasu kaset-kaset ɗin, babu abin da suka ajiye. Hajiyarmu ta kulle na gida a akwatinta shekara da shekaru, ta ce ba za ta iya jin muryar ba. Yarinyar ta girma a wajen dangin uwarta a wani gari, sai da ta kai kusan shekara goma sha ɗaya ta dawo hannun Hajiya. Ina gida hutu wata rana ta tambaye ni ko babanta babbar murya gare shi ko ƙarama, don an ce mata a rediyo yake magana. Hajiya ta tashi ta buɗe akwatin. Muka sa guda ɗaya a tsohuwar rikodarmu, kafin a kai ga maganarsa rikodar ta cinye zaren ta cukurkuɗe shi ya tsinke. Hajiya ta rantse ba za a sake sa ko ɗaya a garin nan ba. Ta ɗaure sauran a kwali ta ce in tafi da su Masar inda ake da masu sanin aiki, a juye su a kwamfuta, in kawo wa marainiya muryar ubanta. Yarinyar ta riƙe hannuna a tasha tana cewa Baffa kada in manta. Na ce mata ko kaina zan manta ban da wannan.

Na iso Faisal na tura kwalin ƙarƙashin gado. Na ma samu shagon da ke wannan aiki a tsakiyar gari, amma kullum sai in ce sai an gama jarrabawa, sai gari ya lafa, don shekarar ce da zanga-zanga ta ƙi ƙarewa, yau a rufe wannan hanya gobe a rufe waccan. Gaskiyar magana, kunya nake ji a gan ni na fito da kwali mai hotunan Turawa masu dogon gashi. A gidan akwai wani da ya girme mu, ya daɗe a Masar, muna kiransa Shehi. Shi ke jan mu salla, shi ke raba faɗa, shi ke magana da mai gida. Yana da rikoda mai baki biyu a falo, aikinsa kullum juyar karatun Alƙur'ani da wa'azi a kaset yana raba wa direbobin ƙananan bas da ke jigila a titin Faisal, don yawancinsu har lokacin kaset suke sawa. Wata rana yana shara ya jawo kwalin. Ban ɓoye masa komai ba. Na gaya masa na wane ne, na gaya masa mai shi ya rasu, na gaya masa akwai yarinyar da ke jira. Ya girgiza kai ya yi wa mamacin addu'a, ya ce Allah ya yafe masa, ya mayar da kwalin da hannunsa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Da jarrabawa ta matso na koma unguwar Ainu Shams wajen abokan ajinmu don mu yi bita tare. Ranar da na dawo, da rana tsaka, na tarar da Shehi a falo yana murmushi kamar wanda zai yi mini albishir da haihuwa. Ya zaunar da ni ya ce ya yi wa yayana wani alheri da ko ni ban yi masa ba. Ya ce tun ranar da ya ga kwalin bai samu barci mai daɗi ba, yana tunanin duk wanda ya saurari kiɗan nan zunubi zai riƙa bin mamacin har kabari, balle a ce za a sa a kwamfuta ya yaɗu. Saboda haka ya juye karatun Alƙur'ani a kan kaset-kaset ɗin gaba ɗaya, ya raba wa direbobi da niyyar sadaka mai gudana ga mamacin. Ya miƙo mini kwalin. Bangwayen ne kawai a ciki, da rubutun hannun yayana.

Wallahi da farko ban gane ba. Na ce masa ai ba zai yiwu ba, an ɓalle haƙoran, rikoda ba za ta ɗauki komai a kansu ba. Sai ya yi 'yar dariya ya nuna mini salatef a kan tebur. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya liƙe ramukan. Edita, wannan salatef ɗin shi ne abin da na kasa yafewa. Da kuskure ne da na haƙura. Amma mutum ya zauna, ya ga alamar da mai kaya ya yi da hannunsa cewa kada a taɓa, ya yanko salatef ya rufe ta, ya sake ɗauko wani ya rufe, har ya gama kwali guda, kuma duk tsawon wannan aiki bai ɗaga waya ya tambaye ni ba! Lambata tana wayarsa. Ko gishiri ya ƙare a gidan yana kirana.

Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Ni da ko ƙuda ban iya kora da ƙarfi ba, sai ga ni ana ɓamɓare ni daga wuyan mutum. Na tambaye shi a wane littafi ya karanta cewa ana sadaka da kayan wani. Na tambaye shi babin amana da ake koyarwa a aji, shi yana ina ranar. Na ce masa kayan marainiya ne ya ci, ko ya so ko bai so ba. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne sauran 'yan gidan. Wannan ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, wancan ya ce khalas abin ya wuce, wani ya ce ai niyyarsa mai kyau ce, wani ma ya ce in ji tsoron Allah, ina ɗalibin Shari'a ina kuka a kan kiɗan Turawa. Kiɗan Turawa! Ni ina ruwana da masu jitar? Ko sunayensu ban iya faɗa daidai ba. Muryar ɗan uwana ce a tsakanin waƙoƙin, dariyarsa ce, ita ce kaɗai abin da ya rage nasa mai motsi a duniya bayan 'yarsa. Shehi kuwa ya gyara rigarsa ya ce ya yafe mini, wai wata rana zan gode masa. Shi ne ma mai yafewa.

Na fita titi kamar mahaukaci. Na riƙa bin tashar ƙananan bas ɗin nan mota bayan mota, da Larabcina na aji da direbobi ke yi wa dariya, ina tambayar waɗanda wani baƙin Shehi ya ba kaset. Wasu suka zaci ɗan sanda ne ya aiko ni, wasu suka ce sun ba wani, wasu suka miƙo mini na saurara, karatu ne tun daga farko har ƙarshe, lafiyayye, babu ko numfashin yayana. Ka tsaya ka ji halin da mutum ya jefa ni: ina jin Alƙur'ani, maganar Ubangijina, amma zuciyata na tafasa. Wannan ma wani zalunci ne da ya yi mini daban. Na yi kwanaki a haka, na bar bita, har darasi ɗaya na faɗi a jarrabawar.

Sai wani dattijon direba ya kira ni da kansa, yana faɗa. Ya ce in gaya wa Shehinmu ya ji tsoron Allah, ya ba shi kaset mai aljani. Wai sura na ƙarewa, fasinjoji sun yi tsit, sai ganga da jita su ɓarke, wani ya kama surutu da wani yare, har wata tsohuwa ta zage shi. Na roƙe shi ya sa mini. Karatun ya gaza tsawon zaren, shi ne ɗan guntun ƙarshe ya tsira. Na zauna a kujerar gaba, ana ta yi mana hon a baya, na ji wutsiyar wata waƙa, sannan yayana ya yi dariya. Yana cewa waɗannan yaran sababbi ne, faifansu na farko ke nan, ba wanda ya san su tukuna amma masu sauraro su riƙe sunan. Ya ce yana gaida amaryarsa a gida duk da ta ce kiɗan nan ciwon kai yake sa ta, kuma akwai wani albishir da yake so ya yi wa masu sauraro. Nan zaren ya ƙare. Direban ya dube ni ina kuka, ya zare kaset ɗin ya sa mini a aljihu, ko sisi ya ƙi karɓa.

Ranar na wuce shagon tsakiyar gari, babu kunya babu komai, aka juye mini. Abin bai kai minti ɗaya ba. A makon na kwashe kayana na koma Ainu Shams, kuma har na bar Masar ban sake bin Shehi salla ba. Ya aiko mutane su sasanta mu, na ce su tambaye shi ko ya yarda ya yi laifi. Suka dawo suka ce ya ce a'a, ijtihadi ya yi. Na ce to ya riƙe ijtihadinsa, mu haɗu gaban wanda ya fi mu sanin hukuncin kiɗa da hukuncin amana.

Abin da na koya shi ne, mutumin da ya tabbata yana yi maka alheri ya fi ɓarawo haɗari, don ɓarawo ya san ya yi laifi. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai, musamman masu zuwa ƙasashen Larabawa su haddace babi biyu su ɗauka an naɗa su alƙalan duniya: idan ka ga abin da kake ganin kuskure ne a kayan wani, bakinka aka ba ka, yi nasiha ka tsaya nan. Hannunka ba shi da hurumi. Kai kuma da aka ba amana, kada ka tura ta ƙarƙashin gado don tsoron bakin mutane irin yadda na yi. Ka kai ta inda aka aike ka tun ranar da ka sauka.

Da na koma gida Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, kallo ɗaya ta yi wa bangwayen ta mayar da su akwati, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yarinyar ta sa abin sauraro a kunne ta ji guntun da aka juye, ta sake ji, ta ce ashe babanta mai dariya ne. Sannan ta cire ta tambaye ni wane albishir ne zai yi, ko ita ce. Na ce mata ita ce. Ta ce to Baffa, in sa mata sauran ta ji da bakinsa.